Layin da Muka Rufe Bai Tafi Ba

Mu huɗu ne a ƙungiyar kwamfuta ta makarantarmu da aka fi sani da son zane, dukkanmu 'yan aji biyu na babbar sakandare. Da aka tsayar da ranar wasannin gidaje na shekara, sai 'yan gidanmu suka yanke shawarar a buga musu riguna masu ɗauke da bajen makaranta a ƙirji. Ɗalibai 60 suka haɗa kuɗi, wasu daga kuɗin tara, wasu sai da suka yi ta roƙon iyayensu. Malamin da ke kula da gidanmu ya kira mu ofis ya ce, "Ku da kuke kwana a gaban kwamfuta, ku za ku fitar mana da bajen." Muka amsa da murna, muna ganin aikin rabin awa ne.

Matsala ta farko ita ce babu wanda ke da ainihin zanen bajen a kwamfuta. Abin da ke akwai shi ne wanda aka zana da fenti a allon ƙofar makaranta, rana da ruwan sama sun cinye rabinsa. Siffarsa garkuwa ce mai tsini a ƙasa, a cikinta akwai buɗaɗɗen littafi da alƙalami, sannan wani ƙyalle ya gitta ƙasan garkuwar ɗauke da taken makaranta. Muka ɗauki hotonsa da waya muka kai wa mai shagon buga riguna. Ya duba ya girgiza kai. Ya ce na'urarsa ba buga hoto take yi ba, wuƙa ce da ita ƙarama da ke yanka leda ta musamman, a cire abin da ba a so, a ɗora sauran a kan riga a danne da zafi. Wuƙar layi take bi, don haka sai mun kawo masa zanen fekta.

A ranar muka fara gane bambancin. Hoton waya tarin ɗigo-ɗigo ne masu launi, shi ya sa in ka faɗaɗa shi sosai yake farfashewa. Zanen fekta kuwa umarni ne na lissafi: fara daga nan, ja layi zuwa can, lanƙwasa ta wannan gefe. Ko a kan hula za a sa shi ko a kan allon talla na bakin titi, layin yana nan da kaifinsa. Mai shagon da CorelDRAW yake aiki, kamar yawancin masu irin sana'arsa, manhajar da kamfanin Corel na ƙasar Kanada ya fara fitarwa a 1989. Mu kuwa Inkscape ce a kwamfutocin makaranta, saboda kyauta ce, kowa na iya saukewa. An fara ta a 2003, kuma tana ajiye aiki a tsarin SVG, wanda CorelDRAW ke iya buɗewa. Muka ce shi ke nan, mun sami hanya.

Da farko mun nemi gajeriyar hanya. Inkscape tana da wani umarni da ke bin hoto ta mai da shi layuka da kanta. Muka danna, cikin daƙiƙa kaɗan ga zane ya fito. Daga nesa ya yi kyau. Da muka matso, sai muka ga ta kwafo komai har da tsagewar fenti da tsatsar ƙusa. A ƙasan allo manhajar takan nuna yawan ƙulle-ƙullen da ke jikin zanen da ka zaɓa, namu ya haura dubu. Akwai umarnin rage su, Ctrl da L, amma duk lokacin da muka danna sai kusurwoyin littafin su daɗa dakushewa, har ya koma kamar burodi. Muka haƙura. Muka kulle hoton a ƙasa, muka ɗauki alƙalamin manhajar muka bi bajen da hannu, layi bayan layi.

Bari mu tsaya mu bayyana waɗannan ƙulle-ƙulle, don su ne tushen labarin. Kowane layi a zanen fekta kamar karan rake yake. Akwai wuraren da aka ɗaure shi, su muke kira ƙulli, masu shago kuma suna cewa nod. Abin da ke tsakanin ƙulli biyu shi muke kira gaɓa. Gaɓa tana iya zama miƙaƙƙiya, tana iya zama lanƙwasasshiya. In lanƙwasasshiya ce, za ka ga wasu siraran hannuwa sun fito daga ƙulle-ƙullen biyu. Inda hannu ya nuna, nan layin zai nufa in ya bar ƙullin, kuma gwargwadon tsawon hannun, gwargwadon yadda zai ja layin. Ke nan wurare huɗu ne ke hukunta siffar kowace gaɓa: ƙulli biyu da bakin hannu biyu. Wannan lissafi ana danganta shi da Pierre Bézier, injiniya a kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen tsara jikin mota a shekarun 1960. Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ma ya yi aiki a kansa tun 1959. Abin ya ba mu mamaki da muka ji cewa dabarar da aka ƙirƙiro don lanƙwasa ƙarfen mota ita muke amfani da ita wajen zana bajen makaranta.

Ranar Talata muka gama. Saura abu ɗaya. Gefunan garkuwar biyu suna gangarowa su ratsa ta cikin ƙyallen da ke ɗauke da take, kafin su haɗu a tsinin ƙasa. A allon ƙofar makaranta, ƙyallen ne a sama, ya rufe su. A namu zanen kuwa layukan biyu sun bi ta tsakiyar rubutun. Ɗayanmu ya kawo dabara: tunda rigunan kore ne, mu cika ƙyallen da launin kore mu ɗora shi a saman garkuwar. Muka yi haka, layukan suka ɓace. Muka tafa, muka zuba fayil a filashi.

Ranar Laraba bayan an tashi muka je shagon. Mai shagon ya ce bari ya yanka guda ɗaya a gwada tukuna. Muka ce, "Yaya, ba sai an gwada ba, mun duba sosai, lokaci ya ƙure." Ranar Asabar ce wasannin. Ya kalle mu, ya jera baje 12 a faɗin farar ledar, ya juya su kamar a madubi yadda ake yi wa ledar riga, ya saki na'ura. Muna tsaye muna jin ƙarar wuƙar muna alfahari. Da ya zaro ledar ya fara ɓare ta da ɗan tsinkensa, sai muka ga haruffan taken suna fita gutsure-gutsure. A kowane baje, layuka biyu sun tsaga rubutun daga sama zuwa ƙasa, daidai inda muka rufe da kore.

Bai yi mana faɗa ba. Ya juyo da allon kwamfutarsa ya danna wani abu, sai duk launuka suka ɓace, ya rage siraran layuka kawai, kamar ƙwarangwal. Ga gefunan garkuwarmu nan kwance a cikin ƙyallen, babu abin da ya same su. Ya ce, "Ƙannena, wuƙa ba ta ganin launi. Duk layin da ke cikin fayil sai ta bi shi." Sannan ya gaya mana kuɗin ledar da ta lalace. Ba a cikin kuɗin ɗalibai 60 ɗin za mu cire ba, don an riga an lissafa shi daidai da riguna da leda. Mu huɗu muka raba shi a tsakaninmu, kuma kowannenmu ya san abin da zai rasa a makon.

A hanyar komawa gida babu mai magana da wani. Can sai aka fara nuna wa juna yatsa: wa ya kawo shawarar kore, wa ya ce kada a gwada. Gaskiyar ita ce dukkanmu mun tafa lokacin da layin ya ɓace, kuma dukkanmu mun gyaɗa kai lokacin da aka ce ba sai an gwada ba. Abin da ya fi damunmu shi ne yadda za mu kalli 'yan gidanmu ranar Asabar in sauran gidaje sun fito da rigunansu mu babu.

Ranar Alhamis da safe muka je muka gaya wa Malam komai. Ya ba mu makullin ɗakin kwamfuta na lokacin tara da bayan tashi. Abu na farko da muka nema a Inkscape shi ne irin wancan kallon ƙwarangwal, muka same shi a jerin View, inda aka rubuta Outline. Muka kunna. Bayan layukan garkuwar biyu, sai ga wasu abubuwan da ba mu san da su ba: wani ɗan guntun layi da ɗayanmu ya fara ja ya watsar, da wani da'irar da aka mai da ita marar launi aka manta. Da an ci gaba da yankan, su ma da wuƙar ta bi su.

Muka danna N, wato makamin gyaran ƙulli, muka taɓa garkuwar. Ƙulle-ƙullenta suka bayyana. Tunaninmu na farko shi ne mu zaɓi ƙullin da ke kusa da ƙyallen mu danna Delete. Mafi kusa shi ne na tsinin ƙasa. Muna dannawa, tsinin ya ɓace, garkuwar ta zama mai zagayayyen gindi kamar tukunya, layin kuma yana nan cikin ƙyallen. Muka koma baya da Ctrl da Z, muka gwada wani ƙullin, gefen garkuwar ya karkace. Sai a karo na uku muka fahimci abin da ke faruwa. In ka goge ƙulli, manhajar ba ta barin giɓi. Tana haɗa maƙwabtansa biyu da sabuwar gaɓa guda. Goge ƙulli yana canja siffar layi ne kawai, layin bai yanke ba. Mu kuwa giɓi muke nema.

Matambayi ba ya ɓata. Muka riƙa ɗora kibiyar maus a kan kowane maɓalli da ke jere a saman allo, muna karanta ɗan bayanin da ke fitowa. A nan muka ga guda huɗu da ke zaune kusa da juna: mai haɗa ƙulli biyu su zama ɗaya, mai raba layi a kan ƙulli, mai haɗa bakin layi biyu da sabuwar gaɓa, da mai cire gaɓar da ke tsakanin ƙulli biyu. Na ƙarshen nan shi muke nema tun Talata. Amma da muka danna gefen garkuwar muka gwada shi, sai gefen gaba ɗaya ya tafi, daga kafaɗa har tsini. Dalili kuwa shi ne gefen duka gaɓa ɗaya ce, babu ƙulli a tsakani. Maɓallin yana cire abin da ke tsakanin ƙulli biyu ne, komai tsawonsa.

Ashe kafin ka cire, sai ka ƙara. Dole mu dasa sababbin ƙulle-ƙulle a daidai wuraren da gefen garkuwar ya shiga ƙyallen da inda ya fita. In ka danna layi sau biyu da makamin gyaran ƙulli, sabon ƙulli yana fitowa a wurin, kuma siffar layin ba ta canjawa ko kaɗan, gaɓa ɗaya ce ta rabu biyu. Muka faɗaɗa zanen sosai har mahaɗar layukan ta cika allo, don kada mu dasa ƙullin a gefe. Biyu a dama, biyu a hagu, huɗu ke nan. Sannan muka danna 'yar gaɓar da ke cikin ƙyallen sau ɗaya, ƙulle-ƙullen bakinta biyu suka zaɓu da kansu, muka danna maɓallin cire gaɓa. Ta tafi. Sauran garkuwar bai motsa ba. Muka yi wa ɗaya gefen haka. Daga baya muka gano Alt da Delete ma suna yin wannan aikin.

Mun daɗe muna kallon allon. A kallon ƙwarangwal, cikin ƙyallen fes yake, babu komai sai haruffa. Garkuwar ta zama kashi biyu: babban ɓangaren sama, da ɗan tsinin da ya leƙo ta ƙarƙashin ƙyallen. Ɗayanmu mai son tone-tone ya buɗe fayil ɗin SVG a manhajar rubutu ta Notepad, don shi rubutu ne zalla da mutum zai iya karantawa. Ya nuna mana haruffan da ke cikin layin garkuwar: M yana nufin ɗaga alƙalami ka ajiye a nan, L ja miƙaƙƙen layi, C ja lanƙwasasshe, Z kuma rufe zanen ka koma inda ka fara. A tsohon fayil akwai M ɗaya a farko da Z a ƙarshe. A sabon kuwa Z ya ɓace, M ya zama biyu. Abin da muka yi da maus, ga shi a rubuce.

Wannan Z ɗin ya koya mana wani abu kuma. Da muka gwada zuba launi a garkuwar bayan mun buɗe ta, don mu ga yadda za ta yi a takarda, sai launin ya cika kowane kashi kamar an ja miƙaƙƙen layi tsakanin bakunansa biyu. Manhajar tana rufe buɗaɗɗen layi a ɓoye in za ta zuba masa launi. Ga wanda zai buga a takarda, rufe layi da launi kamar yadda muka yi da farko ba laifi ba ne, masu zane suna yi kullum. Kuskurenmu shi ne ba mu tambayi abin da na'urar za ta yi da fayil ɗin ba.

Tunda mun shiga, sai muka gyara sauran. Shafukan littafin suna da ƙulle-ƙulle fiye da kima, shi ya sa suke da ƙusoshi-ƙusoshi a inda ya kamata su yi santsi. A nan goge ƙulli ya yi amfani. Muka rage su, muka bar ɗaya a kowane wurin da layin ya kai ƙololuwa ko ya juya. Muka kuma lura da cewa ƙulle-ƙullen ba siffa ɗaya gare su ba. Mai kama da lu'u-lu'u na kusurwa ne, hannuwansa biyu kowanne yana tafiya inda ya ga dama. Mai murabba'i na santsi ne, hannuwansa suna kan layi ɗaya, in ka ɗaga wannan wancan ya sauka. Shift da C yana mai da ƙulli na kusurwa, Shift da S na santsi. Tsinin alƙalami da na garkuwa muka ba su na kusurwa, bayan shafuka muka ba su na santsi. Bakin alƙalamin da'ira ce muka fara da ita, kuma ta ƙi nuna ƙulli sai da muka mai da ita layi da Shift, Ctrl da C. Haka murabba'i da tauraro suke a Inkscape, sai an mai da su layi kafin a taɓa gaɓoɓinsu.

Wannan umarnin ya cece mu a wani wajen. Taken makarantarmu da Hausa yake, kuma akwai harafin ƙ a ciki. Ba kowane salon rubutu ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma in kwamfutar mai shago ba ta da salon da ka yi amfani da shi, za ta musanya da wani. Muka ajiye kwafi ɗaya da rubutun yake a matsayin rubutu, saboda in an mai da shi layi ba a iya gyara harafi kuma. A ɗaya kwafin muka mai da haruffan zane. A ƙarshe, da yake wuƙa tsakiyar layi take bi ba ta san kaurinsa ba, muka yi amfani da Ctrl, Alt da C muka mai da kowane layi mai kauri siffa mai gefe biyu, sannan muka narkar da waɗanda suka taɓa juna su zama jiki ɗaya, don kada wuƙar ta yanka mahaɗarsu. Muka sake kunna kallon ƙwarangwal muka bi zanen mu huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin na ukun aka ɗauke wuta, amma mun riga mun saba danna Ctrl da S bayan kowane gyara.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka koma shagon. Kafin ya buɗe baki muka ce, "Yaya, a yanka ɗaya tukuna." Ya yi dariya. Ya buɗe fayil ɗin, ya kashe launuka, ya daɗe yana faɗaɗa ƙyallen yana dubawa. Ya saki na'ura. Da ya ɓare ledar, ɓawon ya taso a jiki ɗaya, haruffan suka zauna cif, har da ƙugiyar ƙ. Ya ce a tasa manhajar akwai makamin da ke goge guntun layi tsakanin mahaɗa biyu da dannawa ɗaya, kuma da mun bar shi ya duba ranar Laraba, da aikin minti biyu ne. Sai bayan isha'i aka gama danne riga ta 60, muna taya shi ɓare leda har yatsunmu suka yi ja.

Ranar Asabar gidanmu na uku ya zo a tseren mita 100, na ƙarshe a jan igiya. Babu wanda ya tambaye mu yadda aka yi bajen, kuma babu wanda ya lura da cewa garkuwar kashi biyu ce. Mu kaɗai muke kallon ƙirjin mutane muna duba ƙyallen. Malam ya karɓi fayil ɗin ya ajiye a kwamfutar ofis, yanzu shi ake sawa a takardun makaranta.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai da za a ba irin wannan aikin, ga abin da kuɗin ledarmu ya saya mana. Ku tambayi mai shago tun farko ko bugawa zai yi ko yankawa. Ku kunna kallon ƙwarangwal kafin fayil ya bar hannunku. In siffar layi kuke so ku canja, ku taɓa ƙulli. In giɓi kuke so, ku dasa ƙulli biyu ku cire gaɓar da ke tsakaninsu. In kuma ya ce bari a gwada ɗaya, ku bar shi ya gwada.

Lalatattun bajen nan 12 mai shagon ya ba mu su, tunda mun biya. Mun manna ɗaya a bangon ɗakin kwamfuta, kusa da makunnin fitila. 'Yan aji ɗaya da suka shigo ƙungiyar bana sukan tambayi dalilin da ya sa rubutun ya tsage, sai mu zaunar da su mu ce su danna N.